Sassaben da Na Yi wa Surukina

Shekarun baya, tun ina da ɗan shagon hayar littattafai a bakin kasuwar Gwarzo, na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai in rufe fuska ina dariya ni kaɗai. Da yawanku a shafin nan kuna kirana gwanin soyayya saboda 'yan rubuce-rubucen da nake yi. To ku gyara zama ku ji yadda gwanin naku ya kusa sare aurensa da adda.

Shagon ma ba wani shago ba ne, rumfar kwano ce da benci da akwatuna biyu. Lokacin an sa littattafan soyayya a gaba, maganar shari'a na bakin kowa, a wa'azi ana cewa su ne ke ɓata 'yan mata. Don haka littattafan addu'o'i da na koyon sallah nake jerawa a sama, na soyayyar kuma suna ƙasan benci cikin tsohon buhun taki. Masu haya sun san hanya. Amma babban mai karatun ni ne, babu littafin da zai fita ban karance shi ba. A cikinsu kuwa kowane saurayi daga jirgin sama yake saukowa, da 'yar jaka a hannu, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ni ko ƙofar filin jirgin Kano ban taɓa gani ba. Keken marigayi mahaifina nake hawa, tun da man fetur ya yi tsadar da babur ya gagari irinmu. Duk da haka, in jirgi ya ratsa sama ya ja farin layin nan, sai in saki duk abin da ke hannuna in bi shi da ido har ya ɓace.

A shagon na haɗu da ita. 'Yar ƙauyen Masanawa ce ta ƙasar Kabo, ta zo wurin gwaggonta a Unguwar Tudu, kusa da gidanmu. Ta karɓi littafi, bayan kwana biyu ta dawo da shi ta ce, "Malam, wannan ƙarshensa ƙarya ne. Mutumin da bai taɓa tambayarta ko ta ci abinci ba, shi ne zai mutu dominta?" Na yi sati ina neman amsar da zan ba ta. Kafin shekara ta zagayo manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa, abin da ya rage a sa rana.

Mahaifinta dogon dattijo ne marar yawan magana, manomi, ya taɓa sauke farali sau ɗaya. 'Ya'yansa duk mata ne. In na je gaishe shi sai in durƙusa in jero gaisuwa, tun daga lafiya har gajiya har iyali har dabbobi, shi kuma ya ce, "Lafiya lau, madalla," ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Ban taɓa sanin matsayina a wurinsa ba, kuma abin yana cina. Burina in yi wani abu da zai sa ya ɗaga kai ya dube ni ko sau ɗaya.

Ina da aboki malamin sakandare, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ticha kowa ke ce masa. In an tashi daga makaranta yakan zo ya zauna a bencina da 'yar rediyonsa. Wata rana jirgi ya wuce, na ɗaga kai yadda na saba, sai ya ce, "Mutumina, ka san hayaƙin can da kake kallo yanzu kasuwa gare shi?"

Na ce, "Haba Ticha, hayaƙin?"

Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce hayaƙin da jirage ke fitarwa yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, shi ya sa ƙasashen Turai suka yanka wa kamfanonin jirage iyakar da kowa zai fitar. Wanda ya zarce tasa sai ya sayi izini daga wanda bai cinye tasa ba. Wasu kamfanonin kuma suna ɗaukar nauyin raya itatuwa a ƙasashe irin namu, tunda itace yana shanye irin wannan hayaƙi. Ya ce ai ga wasu mutane nan ma suna zagaya ƙauyukan Kabo, suna neman manoman da za su daina sare tohon itatuwan da ke fitowa a gonakinsu, su bar shi ya girma. Shi ne ma yake raka su ran Asabar, yana taya su rubuta sunayen manoma.

Ya yi bayani mai tsawo, Allah ya saka masa da alheri. Ni dai daga inda ya ce "kamfanonin jirage" na tashi sama. Ga ni a kujerar bakin taga, ga ta a gefena, gajimare a ƙarƙashinmu kamar audugar da aka shiɓe.

Ita ma fa ta gaya mini. Wata Juma'a bayan la'asar, a zauren gidansu, ƙofa a buɗe yadda ake zance a lokacin, ta ce Baba ya shiga abin nan na itatuwa, ana ta yi masa surutu a gari. Na tuna na ce, "Allah sarki." Hankalina yana kan wata jimla da na haddato tun daga Gwarzo, mai maganar wata da taurari, jira nake ta yi shiru in sake ta.

Bazara ta shigo, kowa ya fita sharar gona. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kafin ruwa ya sauka da tsabtar gona ake gane manomin kirki. A sassabe sabara da kalgo da duk wani toho, a tara a ƙone, gona ta fito fes tana jiran shuka. Hanyata ta zuwa Masanawa ta gefen gonar Baba take bi. Gonakin maƙwabta duk sun fito tas, tasa kuwa tsirrai ne ko'ina, wasu iya gwiwa, wasu sun kai ƙirji. Tausayi ya kama ni. Na ce wayyo, dattijo ba shi da ɗa namiji, ƙarfi ya fara tafiya, ga gona tana neman zama daji. A wurin na ga damata.

Saurayi ya yi wa surukinsa aikin gona ba sabon abu ba ne a wurinmu. Amma da tsarinsa. Za ka je ka gaishe shi, ka roƙi ya ba ka rana, shi zai nuna maka aikin da yake so da inda za ka tsaya. Mahaifiyata da ta ga ina wasa adda a tsakar gida ta tuna mini da haka.

Ta ce, "Ka je ka tambaye shi tukuna. Gonar mutum ba a shigarta da ka."

Na ce, "Inna, ba ki gane ba ne. Ba-zata nake so in yi masa."

Ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube ni. "Ba-zata? A wane littafin ka karanto wannan kuma?"

A duk na karanto shi, amma ban ce mata haka ba.

Na sami labarin Baba ya tafi Kano duba ɗan'uwansa da ba shi da lafiya, zai yi kwana biyu. Ana idar da sallar asuba na ɗaure adda da gatari a bayan keke. Da na shiga gonar sai na lura an shafa wa yawancin tsirran jan fenti a jiki, an kuma sassage musu ƙananan rassa an bar sanda ɗaya a miƙe. Duk mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni ma na tsaya na yi tunanin, har na gano amsa: Baba ya yi wa waɗanda yake so a cire alama ne, ƙarfi ya gaza masa. Da su na fara.

Rana ta ɗan ɗaga wani maƙwabcin gona ya zo wucewa da jakinsa. Ya tsaya ya ƙare wa aikina kallo ya ce, "Sannu da aiki, samari! Alhaji ne ya sa ka?" Na yi masa murmushi irin na jaruman littafi. Ya ce, "To madalla, ashe ya dawo hayyacinsa." Na ɗauki maganar yabo na sa a aljihu.

Safiya biyu na yi ina aikin. Tafin hannuna ya tashi ya fashe, ƙayar gawo ta yayyaga mini riga. Na tara rassan a kusurwar gona na cinna musu wuta, na riƙe ƙugu ina kallon hayaƙin yana tashi, ina jin kamar na ciwo yaƙi. Hayaƙi fa, jama'a. A gonar da aka ware don shanye hayaƙi.

Rana ta uku na sa shaddata guda ɗaya tilo, na fesa turare, na tafi karɓar yabo. Ta fito zaure ko zama ba ta yi ba.

"Kai ne?"

Na sunkuyar da kai cikin kunyar ƙarya. "Ai ba wani abu ba ne, ɗan ƙaramin aiki ne..."

"Innalillahi." Ta dafa bango. "Malam, tun bara Baba yake renon itatuwan nan. Kullum safiya sai ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Ya sha gori a majalisa, an ce gonarsa ta zama ta malalaci. Wasu suka ce ya shiga cinikin iska, cinikin abin da ido bai gani ba, har wurin liman aka kai maganar. Bai ja da baya ba. 'Yan mutanen da suka shiga, don sun ga shi ne a gaba suka shiga. Jibi masu dubawa za su zo, gonarsa za a fara kai su. Ban gaya maka ba? A zauren nan ban gaya maka ba?"

"Kin gaya mini."

"Me ka ce?"

"Na ce Allah sarki."

"To Allah sarki," in ji ta, ta shige cikin gida.

Ashe da Baba ya sauka daga mota gonar ya fara biyawa. An ce ya tsaya a tsakiyarta har rana ta take, ya koma gida bai taɓa abinci ba. Washegari ya aika wa kawuna cewa maganar sa rana a dakata tukuna. Kowa ya san me "a dakata tukuna" ke nufi in ta fito daga bakin mutum irinsa. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Kwanon tuwo ta tura gabana ta ce, "Ci abinci, Ba-zata."

Na garzaya wurin Ticha. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido, sannan fuskarsa ta canja. Ya ce, "Mutumina, abin ya wuce itace. Mai jakin nan ya riga ya baza a gari cewa Alhaji ne ya sa aka sare. Gobe a gaban dagaci da baƙi za a ce dattijo ya ɗauki alkawari ya saɓa. Kuma na san shi, ba zai buɗe baki ya tona maka asiri ba."

Na ce zan rubuta wa Baba wasiƙar ban haƙuri, har na fara tsara ta a kaina, shafi shida.

Ya ce, "Ajiye biron nan don Allah. Ka je da ƙafarka."

Washegari da hantsi farar mota ta tsaya a bakin gonar. Wata mata ce ta fito da babban littafi, da wani mutum mai igiyar awo a wuya, Ticha na biye da su. Dagaci ya zo, rabin gari ya biyo shi. Ni ina can bayan jama'a. Gonar kuwa fes, ko ni sai da na yaba aikina a ɓoye, sannan na tuna.

Matar ta gaida Baba cikin ladabi ta ce, "Baba, ina itatuwan da muka yi wa alama tare?"

Ya ce, "Ga su nan kina gani, an sare."

"Wa ya sare?"

Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Na ji mai jaki yana cewa a gefe, "Ai mun faɗa tun farko, abin ba mai ɗorewa ba ne." Wasu suka gyaɗa kai. Baba bai ɗago ba. Wannan shirun nasa ne ya ture ni gaba, ba jarumtaka ba. Ban san lokacin da na ratsa mutane na zube gaban dagaci ba.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Baba bai sani ba, yana Kano. 'Yarsa nake nema, na ga gona da tsirrai na ɗauka taimako zan yi. Ban tambaye shi ba."

Dagaci ya leƙo ni ta ƙarƙashin rawaninsa. "Har da masu jan fentin?"

"Da su na fara, ranka ya daɗe."

Wurin ya fashe da dariya. Matar ma ta rufe baki da littafinta. Duk jimlolin da na haddace a rayuwata babu wadda ta zo mini, wannan 'yar gaskiyar ce kawai ta fito, a karkace. An cire gonar daga jerin na wannan shekarar, ba yadda za a yi. Amma matar ta faɗa a gaban kowa cewa Baba bai saɓa alkawari ba, sauran manoman ma babu wanda ya janye.

Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Da jama'a suka bi baƙin zuwa gona ta gaba, sai ya ce, "Kai, zo nan." Karo na farko ke nan da ya kira ni. Ya tsuguna gaban wani kututture, ya kankare ɓawon da farcen babban yatsa. Ciki kore shar, da danshi.

Ya ce, "Ka gani? Sarewa ka yi, ba ka kashe ba. Saiwar nan ta girme ka, ta girmi uwarka. Gawon mahaifina ne. Ina yaro gonar nan inuwa ce daga wannan kai zuwa wancan. Shekarar da aka yi fari muka sassare su muka ba dabbobi ganye, muka sayar da itacen. Tun daga nan kowace shekara sai su toho, kowace shekara sai mu sare, muna cewa tsabta." Ya share yatsansa a riga. "Ni ban san cinikin hayaƙi ba. Sau ɗaya na hau jirgi, zuwa Makka, idona a rufe har muka sauka. In masu jirgi suna son itace, su ta shafa. Ni inuwar mahaifina nake so in mayar kafin in tafi."



Ya ce, "In ruwa ya sauka kowane kututture zai fitar da toho biyar ko shida. A zaɓi mai ƙarfi ɗaya, a cire sauran. In kaka ta wuce aka saki awaki, a kewaye kowanne da ƙaya. Za ka iya?"

"Zan iya, Baba."

"Ba da baki ba."

Haka na yi shekara guda cur. Sau uku a mako ina taka keke daga Unguwar Tudu zuwa Masanawa, shago a rufe har azahar. Na koyi bambanta gawo da aduwa da marke tun suna iya tafin hannu. Na koyi cewa akuya ta fi ni dabara. Zance kuwa babu, tunda an ce a dakata. Sai ranar yankan gero na gan ta, ta kawo wa masu aiki fura. Ta miƙo mini ludayi ba ta dube ni ba. Wata shida ina tanadin abin da zan faɗa mata, mai kogi da hawaye da komai. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Ke kin ci abinci kuwa?"

Ta ɗago ta dube ni, ta yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya ƙi. Ta juya da sauri tana gyara mayafi, amma na ga kafaɗunta na rawa.

Da bazara ta dawo Baba ya zagaya gonar ina biye da shi. Ya taɓa wannan, ya girgiza wancan, bai ce da kyau ba, bai ce ba kyau ba. Da muka kai ƙarshe ya ciro ɗan gwangwanin jan fenti daga aljihun babbar rigarsa ya miƙo mini. Kwana uku bayan nan ya aika wa kawuna a zo a sa rana.

Masu farar mota sun sake zuwa sau ɗaya ko biyu, daga nan ba mu ƙara ganinsu ba. Ticha ya ce ya ji a rediyo manyan ƙasashe suna ta jayayya a kan wa ke da ikon ɗora wa jirgin wata ƙasa wannan dokar ta hayaƙi, har aka jingine wani ɓangare nata. Ko shi ne dalili ko ba shi ba ne, ban sani ba. Wasu manoman suka koma sassabensu. Baba ko a jikinsa.

Yau itatuwan sun fi soron gidanmu tsawo. Na gawon cikinsu, da damina su zubar da ganye gero ya sha rana, da rani su yi lif, awaki na tsintar 'ya'yansu a ƙasa. Akwai wani gawo guda da ya tashi a karkace daga gindi, daidai inda addata ta goce. Shi ne Baba ya sa wa suna "surukina". Sai ka ji ya ce, "Ku kai mini tabarma gindin surukina." Har Allah ya karɓi ransa a nan yake hutawa, kuma wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi. Ticha ya yi ritaya ya koma garinsu. In ya kira ni da salla, ko na kira shi da Kirsimeti, kafin gaisuwa sai ya ce, "Yaya, da su ka fara?"

Littattafan nan ban yi fushi da su ba, har yanzu ina karantawa, su suka koya mini son abu mai kyau. Abin da ba su koya mini ba shi ne, kafin ka yi wa mutum alheri ka tambaye shi me yake renowa. Na so Baba ya gan ni, ni kuwa ban tsaya na ga abin da ke gabansa ba, da jan fenti da komai. Ina kewar zamanin nan, da rumfar kwanon da buhun takin da rediyon Ticha, har da saurayin nan mai shadda ɗaya da ke murmushi ga mai jaki.

Jirgi dai har yau ban hau ba. In ya wuce ina ɗaga kai, wannan ba zan daina ba, sai dai yanzu ta tsakanin rassan gawo nake hango farin layin. Matata takan bar ni in gama kallo tsaf, sannan ta ce, "Malam, ka ji abin da na ce kuwa?"

Ni kuma in maimaita mata shi, kalma bayan kalma.